FASHIN BAƘI: Abin da ya kamata a sani kafin a karɓi mussa a gida a Sabon Birni da Isa

A ƙarshen daminar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a gabashin jihar Sakkwato, wata gwaggona ta baro ƙauyensu ta dawo cikin garin Sabon Birni da 'ya'yanta biyar da buhu uku na gero. Ɗaki ɗaya suka samu a wani gida da ba a gama gininsa ba, nan suke kwana, nan buhunan suke jingine. Ba a yi mako biyu ba ɓeraye suka gano wurin. Wata maƙwabciya ta tausaya mata, ta ba ta 'yar budurwar mussa, kamar yadda Gobirawa da Sakkwatawa ke kiran kyanwa, kuma cikin 'yan kwanaki ɓarnar ta lafa.

Da sanyi ya shigo mussar ta kamu da mura, ta daina cin abinci. Babban ɗan gwaggon, don tausayi, ya raba ƙwayar farasitamol biyu ya ɗura mata rabi. Fuskarta ta kumbura, numfashinta ya yi nauyi, kwana biyu ta mutu. Kafin bazara ɓeraye sun huda buhu biyu, sun gauraye abin da ya saura da kashinsu. Ba wanda ya taɓa gaya wa mutanen gidan cewa maganin ciwon kai da ke cikin aljihun kowa guba ne ga kyanwa, kuma a lokacin ko waya babu balle a tambayi wanda ya sani.

Wannan rahoto ya tattaro abin da ilimin likitancin dabbobi da hukumomin lafiya suka tabbatar game da karɓar kyanwa da kula da ita, an auna shi da halin da ake ciki a ƙasar Gobir. Ya kuma bi sawun tambayar da ta fi shafar mai bibiyar siyasa: wace hukuma ce doka ta ɗora wa wannan aiki?

Me ya sa batun mussa ya zama labari?

Mai karatu na iya cewa yankin da ake binne mutane ba shi da lokacin zancen kyanwa. Akwai gaskiya a ciki. A ƙarshen watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Kuzari da Katuma. A Disambar 2021 aka ƙone fasinjoji cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wasu kuma suka cunkushe a garuruwan Sabon Birni da Isa da birnin Sakkwato.

Wannan ƙaura ta sauya yadda ake ajiye abinci. A da hatsi yana cikin rumbu, a ɗage bisa duwatsu, nesa da ɗakin kwana. Yanzu mai tsoron a ƙone masa rumbu ko a kwashe, sussukewa yake yi ya zuba a buhu ya shigar ɗaki. Inda gero da mutane suke kwana tare, ɓera ma nan yake kwana. Manomin da ya biya harajin 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe, kowace tiya da ɓera ya ɓata masa asara ce a kan asara. A irin wannan gida mussa ma'aikaciya ce, kuma lafiyarta ta haɗu da lafiyar yaran da ke wasa da ita.

Ɓera, kyanwa da zazzaɓin Lassa

An fara gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa, wanda masana ke kira Mastomys, shi ke ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da ta kwantar da shi ba, yana zubar da ita ta fitsari da kashi. Mutum kan kamu idan ya ci abincin da ɓeran ya gurɓata ko ya taɓa kayan da ya yi wa fitsari. Alamomin kan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 21. Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma a sauran cutar kan taɓa hanta da ƙoda, tana kisa, wasu da suka warke kuma ta bar su da kurumta.

Alƙaluman hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa sun nuna mafi yawan masu kamuwa suna jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, kuma cutar ta fi tashi da rani. Sakkwato ba ta cikin sahun gaba, amma irin wannan ɓera ya bazu a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kuma ɗakin da mutum goma ke kwana da buhunan hatsi shi ne irin wurin da ake jin tsoro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin matakan rage ɓera a gida, tare da rufe hatsi a mazubin da ɓera ba ya iya hudawa, da zubar da shara nesa da gida, da tsabta. Matakan tare suke aiki. Kyanwa ɗaya ba za ta iya da gidan da ake kwana da tuwo a buɗe ba. Idan kuma ta kawo mushen ɓera tsakar gida, kada a ɗauka da hannu, kada a bar yara su yi wasa da shi. A sa leda a hannu ko a kwashe da shebur, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

Kafin ka karɓa, duba waɗannan

Kuskuren farko shi ne raba 'yar kyanwa da uwarta da wuri. Idanunta kan buɗe ne bayan mako guda zuwa kwana goma da haihuwa, ta fara lasar abinci wajen mako huɗu, amma ba ta isa yaye ba sai ta cika mako takwas. Nonon farko na uwa shi ke ba ta kariya daga cututtuka, kuma a hannun uwa take koyon farauta da binne kashinta. Wadda aka ɗauke tana wata ɗaya sau da yawa gudawa ce ajalinta.

Mai lafiya idonta garau yake, babu kwantsa, hancinta babu majina, dasashinta ja-ja ne ba fari fat ba, gashinta a kwance, ƙarƙashin wutsiyarta a bushe. Ciki ƙato a kan siraran ƙafafu alamar tsutsa ce. Don gane ƙuma, a tsayar da ita bisa farin ƙyalle mai danshi a shafa bayanta: idan baƙaƙen ɗigon da suka zubo sun narke sun yi ja, kashin ƙuma ne, wato jinin da suka sha. Wurin da gashi ya zube ya yi da'ira kamar kwabo yana iya zama makero, kuma yana kama mutane.

A tambayi tarihinta: a wane gida aka haife ta, kare ya taɓa cizonta, 'yan uwanta suna raye? Kyanwar da aka tsinta a kufai ko a bakin daji, musamman mai rauni a jiki, tana buƙatar ƙarin hattara, domin ba a san da abin da ta yi faɗa ba. Wajen ɗauko ta a sa ta a kwali mai huji ko kwando mai murfi. Buhun da aka ɗaure bakinsa, a kan babur, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, yana iya kashe ta kafin a iso.

Makonni biyu na farko

Kyanwa dabba ce mai riƙe wuri. Babba da aka kawo daga wata unguwa, idan aka sake ta ranar farko, hanyar tsohon gida za ta nema. Don haka a ajiye ta a ɗaki ɗaya ko wani lungu mai inuwa da iska na kimanin mako biyu, da ruwa da abinci da wurin ɓuya, ko da kwali ne da tsohon zane. Idan ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa, a ƙyale ta. Jawo ta da ƙarfi shi ke kawo yaƙushi da cizo. Wannan tsarewa tana da amfani na biyu: cikinta ne za a ga ko tana ɗauke da wata cuta kafin ta cuɗanya da yara da sauran dabbobi.

A zuba mata yashi a tsohon kasko ko faffaɗar roba, nesa da inda take ci da inda ake girki. Ba ta buƙatar koyarwa mai yawa, ɗabi'arta ce ta tona ta binne. A kwashe kashin kullum. A koya wa yara kada su ja wutsiyarta, kada su ɗaga ta ta wuya ko ƙafa, kada su taɓa ta tana cin abinci. A gidan da ake kiwon kaji, a kife 'yan tsaki a akurki har ta saba da su, domin sunan muzuru wajen kaji ba a banza ya samo shi ba. Randa da rijiya da duro kuma a riƙa rufe su.

Me za ta ci?

Akwai tsohuwar magana cewa idan aka ƙosar da mussa ba za ta kama ɓera ba. Masana halayyar dabbobi sun nuna farauta a jininta take, ko ta ƙoshi tana yi. Mai jin yunwa ita ce ke satar kifin miya, ta shiga gidajen maƙwabta, ta ci mushe, ta rame har ta kasa tsalle.

Jikin kyanwa an gina shi ne a kan nama. Akwai wani sinadari mai suna taurin da take buƙata, wanda ake samu a nama da kifi, ba a samunsa a gero ko dawa. Rashinsa na tsawon lokaci yana makantar da ita, yana raunana zuciyarta. Tuwo da kunu kaɗai ba za su riƙe ta ba. Gidan da mutane ma ba sa ganin nama kullum ba za a ce ya saya wa kyanwa tsoka ba, amma akwai masu araha: huhu da tumbi da guntattakin da mahauta ke yarwa, ƙananan kifi, kan tarwaɗa, dafaffen ƙwai idan an samu. A dafa ba gishiri ba yaji, a cakuɗa da ɗan tuwo. Hanta kaɗan-kaɗan, domin yawanta yana cutarwa.

Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jininta, don haka ragowar miya da tsire da kilishi ba nata ba ne. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke ta. Madarar shanu tana sa mafi yawan manyan kyanwoyi gudawa. Kazar da ta mutu da kanta kada a jefa mata, domin murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, tana kama kyanwar da ta ci tsuntsu mai cutar. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke mata, musamman daga Maris zuwa Mayu.

Magungunan da ke kashe ta

Farasitamol ne kan gaba. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke warware shi, sai ya zama dafin da ke hana jininta ɗaukar iska. Dasashi ya yi duhu, fuska da ƙafafu su kumbura. Ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe babbar kyanwa. Ibuprofen da diclofenac da ake sayarwa a shagunan magani su ma suna lalata mata ƙoda da ciki. Ƙa'idar a taƙaice: maganin mutum ba ya shiga bakin kyanwa sai da umarnin likitan dabbobi.

Na biyu, magungunan shanu da tumaki da ake shimfiɗawa a tabarma ranar kasuwa. An auna su ne da dabba mai nauyin kilo ɗari biyu ko uku, ita kuwa kyanwa kilo uku ce zuwa huɗu. Maganin kaska da ake yi wa shanu wanka da shi, da maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin, suna sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Kalanzir da baƙin mai da wasu ke shafa mata don ƙuma, lashewa take yi. Abin da ya fi aminci idan babu likita shi ne a riƙa taje ta da matsefi mai ƙananan haƙora ana tsoma shi a ruwan sabulu, a wanke shimfiɗarta a shanya a rana.

Na uku, shinkafar ɓera da fiya-fiya. Wanda ya kawo kyanwa ya kuma baza guba a lungu, ya haɗa abubuwa biyu da ba sa zama tare. Tana iya cin gubar kai tsaye, ko ta ci ɓeran da ya ci. Fiya-fiya da Sniper suna ɗauke da sinadarin dichlorvos, wanda tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni saboda yadda yake hallaka mutane. Dalalar miyau da karkarwa da tangaɗi alamun guba ne. Idan a jikinta gubar ta zuba, a sa leda a hannu a wanke ta da ruwa da sabulu, a nemi ma'aikacin dabbobi. Gubar da ta kashe kyanwa a lungun ɗaki tana iya kashe yaro mai rarrafe a wannan lungun.

Haukan kare bai tsaya kan kare ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka, amma kyanwar da mahaukacin kare ko wata dabbar daji ta ciza tana kamuwa, ita ma ta ba mutum ta cizo ko yaƙushi. A ƙauyukan da aka watse, karnukan da aka bari suna komawa yawo ba mai kula da su, kuma da su mussar gida ke haɗuwa da dare.

Ƙwayar cutar tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Galibi wata biyu zuwa uku ake yi kafin alamomi su fito, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Da zarar sun fito, kusan babu mai tsira. Kafin su fito kuwa ana iya tare cutar gaba ɗaya. Wanda kyanwa ko kare ya ciza ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, kada ya sa toka ko barkono ko ƙasa, sannan ya nufi asibiti a ranar domin a fara masa jerin allurai. Dabbar kuma, idan ta gida ce, a tsare ta a lura da ita kwana 10, amma kada a jinkirta zuwa asibiti ana jiran sakamako. Kyanwar da ta sauya hali farat ɗaya, mai sanyi ta koma cizon duk abin da ta gani, ko muryarta ta canza, ko ƙafafun baya suka shanye, kada kowa ya taɓa ta.

Ana yi wa kyanwa allurar haukan kare tun tana wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Dole a gaya wa mai allurar cewa kyanwa ce, domin akwai nau'in da ake yi wa karnuka, mai ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, wanda bai dace da ita ba. Akwai kuma allurar haɗaka ta murar kyanwa da wata cutar amai da gudawa mai kashe ƙanana, ana fara ta wajen mako takwas zuwa tara, a ƙara bayan mako uku ko huɗu. Duk waɗannan allurai sai an adana su cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta yini cikin aljihu a rana ba ta da sauran amfani.

Masu ciki da ƙananan yara

Kashin kyanwa na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Toxoplasma, wadda idan mace ta fara kamuwa da ita tana da ciki, tana iya jawo ɓari ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. Ƙwan cutar sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ya iya kama mutum, shi ya sa kwashe kashi kullum yake da muhimmanci. Mai ciki ta bar wa wani wannan aiki. Ba sai an kori kyanwar ba, domin naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba su ma manyan hanyoyin kamuwa ne.

Tsutsar cikin kyanwa tana iya shiga yaran da ke wasa da ƙasar da ta yi kashi. A ba ta maganin tsutsa na kyanwa daidai nauyinta, ƙarama akai-akai, babba mai farauta aƙalla duk wata uku, a kuma riƙa wanke wa yara hannu kafin cin abinci. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a wannan ƙasa kyanwa ba najasa ba ce, kuma ruwan da ta sha bai haramta a yi alwala da shi ba, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imam Malik. Wannan hukunci ne na tsarki. Bai ɗauke wa mai gida nauyin raba kwanonta da na yara ba.

Haihuwa ba iyaka

Macen kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida. Cikin nata kwana 63 ne zuwa 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya uku zuwa biyar. Gidan da ya karɓi ɗaya bana, baɗi yana iya wayar gari da goma, kuma ƙarshensu buhu ne a jefar a bayan gari. Mafita tabbatacciya ita ce aikin fiɗiya ga namiji ko cire mahaifa ga mace, a hannun likita, da allurar barci. Dandaƙar da ake yi wa rago ba ta kyanwa ba ce, allurar tazarar haihuwa ta mata ma haka. Inda likita bai samu ba, a fara nema wa 'ya'yan gidajen da za su karɓa tun uwar tana da ciki. Ga muzuru kuma akwai alama guda ta gaggawa: idan yana yawan tsugunawa yana yunƙuri fitsari bai fita, mafitsararsa ta toshe, kuma hakan kan kashe cikin kwana biyu ko uku.

Idan gudu ya kama

Wannan shawara ba ta cikin littattafan kiwon kyanwa na Turai, amma a Gatawa ko Bafarawa ita ce ta fi kusa. Ran mutum ne farko, kada kowa ya koma cikin gari don dabba. Sai dai idan an sami sararin kulle gida, kada a kulle mussa a ɗaki da nufin ta tsare hatsi. A bar mata kafar fita da ruwa a kasko. A sake, tana iya ciyar da kanta na wani lokaci. A kulle, ƙishirwa za ta kashe ta cikin 'yan kwanaki. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma duk ɗan makarantar Islamiyya ya san shi.

Alhakin wa ne?

Kusan kowace shawara a sama ta ƙare da neman likitan dabbobi, kuma a nan gizo ke saƙa. Asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana birnin Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Sabon Birni ko Isa, ta hanyar Goronyo ko ta dajin Gundumi, hanyoyin da matafiya ke shiga da addu'a a baki. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke sarrafa allurai tana Vom a jihar Filato. Tsakanin Vom da Tozai akwai firji da wuta da mota da ma'aikaci, kuma idan ɗaya ya yanke allurar ba ta isa ba.

A kan takarda ba a rasa masu alhaki ba. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kula da zirga-zirga da kiwon dabbobin gida irin su kare da kyanwa cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. A wannan watan ne Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya. Akwai dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta 2022. A 2022 ɗin kuma Najeriya ta ƙaddamar da tsarin ƙasa na kawar da haukan kare, cikin ƙudurin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon kare nan da 2030. Jihar Sakkwato ma tana da ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi. Doka da tsarin da ba su isa ƙauye ba kuwa kyanwar Lami ne, ba cizo ba yaƙushi.

Don haka matashin da ke bibiyar kasafin kuɗi yana da tambayoyi huɗu da zai kai wa kansilansa da shugaban ƙaramar hukumarsa da ɗan majalisar jiha. Ma'aikatan lafiyar dabbobi nawa ne ke karɓar albashi da sunan Sabon Birni da Isa, kuma nawa ne ke zaune a can? Yaushe aka yi wa karnuka da kyanwoyi allurar haukan kare ta ƙarshe, a waɗanne mazaɓu? Babban asibitin garin yana da allurar wanda aka ciza, nawa ake biya, kuma akwai firji mai aiki da hasken rana da ke riƙe ta? Nawa aka ware wa sashen noma da dabbobi a kasafin bana, nawa aka fitar? Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, lokaci ne da ya dace a nemi amsa a rubuce. Wanda kuma ya ga zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a gidan da ɓera ya yi yawa, ya garzaya asibiti, ko ya kira layin NCDC na kyauta, 6232.

Gwaggon tawa ta sake karɓar wata mussar bayan shekara guda, wannan karon 'yar wata uku. Geron yanzu yana cikin duro mai murfi, maganin ciwon kai yana saman kanta inda yara ba sa kaiwa. Allurar haukan kare ce har yau ba a yi wa mussar ba, domin ba ta sami mai yi ba.